Damin da Baba Ya Kai Rumbun Ɗan Tani

Da kakar shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, wata ranar kasuwar Kanambakashe, Ɗan Tani ya tsaya ƙarƙashin gawon ƙauyenmu da igiyar kaba a hannu. Manomi ne ɗan garinmu, amma ya zauna Maraɗi ya dawo da kalmar koperatif. Ya ce kowane gida ya kawo dami guda na hatsi a ajiye a rumbun gari, don kada a rasa iri in shukar farko ta ƙone.

Babu wanda ya yarda da shi. A bakin rijiya mata na cewa Tasawa zai kai ya sayar, dattawa kuma na cewa kujerar dipite, wato ɗan majalisa, yake hange. Baba ya shiga rumbunmu ya tsinto zangarnun da tsutsa ta ci, ya jera masu kyau daga waje, ya ɗaure. "In zai ci, to ya ci ƙaiƙayi," in ji shi.  Washegari Inna ta ɗora mini wani damin daga hatsin gayaunarta, ta ce in kai da sunanta.

Damina ta zo, muka yi shuka, ruwa ya ɗauke, tsiron ya bushe a rairayi. Irin da Baba ya ɓoye ya riga ya shiga ƙasa. Ɗan Tani ya buɗe rumbu. Mun zaci zai sussuke ya raba da tiya, sai ya riƙa duba ƙullin igiya, domin kowane gida da irin ɗaurinsa, yana miƙa wa kowa abin da ya kawo. Ya ce wa Baba, "Ga naka, yaya, ban taɓa ba." Gidaje da yawa suka kwance ƙaiƙayi. Damin Inna muka shuka.

Daga baya ya zama dipite, ya daɗe yana jan koperatif. Baba kuwa har ya rasu yana cewa tun farko mutumin ya san abin da ke cikin damman nan, shiru ya yi don ya kama mu.

Na ga rumbunan haɗaka a Kumasi da Agadas, duk buhuna ne iri ɗaya, ba ka gane na wani. Garinmu ma yanzu haka ne. Har yau ban san wanda ya fara zargin wani ba, mu ko shi.