Buhu Na Biyar Daga Maigatari

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Har yanzu ƙuguna bai daina ciwo ba, kuma akwai yashi a wasu lungunan motata da tsintsiya ba ta kai gare shi. Amma na dawo da motar, saboda haka bari in ba ku labari.

Sunana Sale, a Nyanya ta Abuja nake zaune. Aikina ɗaukar kifi daga kasuwar Kado in kai wa masu gidajen abinci. Mota ɗaya gare ni, ita ke ciyar da gidana. Balkisu kuwa 'yar ƙanwata ce, 'yar jarida, a Durumi take. Ita ta same ni wata ranar Juma'a ina wanke but ɗin mota.

"Kawu, so nake mu je kan iyaka mu sayo shinkafar waje, mu ga ko masu shingen hanya za su gano ta. In sun bar mu mun wuce, in rubuta."

Na ce, "A motar wa?"

"Taka mana."

"Balki, in aka kama mu, ke za ki zaro katin aikinki ki yi Turanci. Motata kuwa a can ciyawa za ta fito mata."

Ta tafi tana ƙunƙuni. Da ta dawo sai ga ta da wata dabara da lauyan ofishinsu ya ba ta. Ya ce fasa-ƙwauri fasa-ƙwauri ne ko ɗan jarida ya yi shi. Sai dai a samo buhunan shinkafar waje waɗanda babu komai a ciki, a cika su da ɓuntu da yashi, a ɗinke. Kuma ba a yi wa jami'i ƙarya, ba a ba shi ko sisi. Na ce to, ban taɓa jin an ƙwace motar mutum saboda yashi ba. Na yarda.

NYANYA ZUWA KANO

Ana sallame asuba na fita, don in riga gosulon Nyanya. Na ɗauki Balki a Durumi. Tana shiga ta toshe hanci.

"Kawu, wannan mota ce ko kogi?"

Na ce, "Wannan warin shi ya saya miki takalmin makaranta, ki gaishe shi."

Ta feshe mu da turare har na fara tari. A Tafa muka karya da shayi da ƙosai. Mai shayin ya cika mini sukari, ban yi gardama ba. Muka wuce Kaduna rana ta ɗaga, muka yi azahar a Zariya. A Kura na tsaya bayan wani injin casar shinkafa, suka ce in kwashi ɓuntu iya son raina, har suna yi mini godiya. Muka kwana Kano gidan wata gwaggon Balki, wadda ta ba ni tuwo kamar mutum uku aka ce mata za su zo.

KANO ZUWA MAIGATARI

Da hantsi muka bi ta Gezawa muka nufi Gumel, kafin la'asar muna Maigatari. Mai masaukinmu Alhaji Ɗanjuma ne, tsohon abokina. Ya taɓa zaman Abuja yana sayar da shanu, matarsa Hajiya Ladi kuma aminiyar matata Talatu ce. Yana ganina ya daka ihu.

"Mai kifi! Ashe kana raye? Wannan furfurar ta mece ce?"

"Ta rashin abokan kirki ce."

Aka kawo fura da nono mai sanyi, aka kawo dambun nama. Balki ta ce kada mu gaya wa kowa abin da ya kawo mu, sai na ce zumunci ne kawai. Da yamma muka fita bayan gari, muka ɗura ɓuntu da yashi a buhunan shinkafar waje huɗu da muka taho da su ba komai a ciki. Ni na ɗinke bakinsu da basilla, na jera su a but. In ka gan su sai ka rantse shinkafa ce. Motar har ta ɗan zauna ta baya.

Da safe Alhaji ya ce in ba da makulli a wanke mini mota. Baƙo ba ya hana mai gida wannan, na miƙa. Da za mu tafi na ga an ajiye dabino da cuku a kujerar baya. Na ce wannan ce tsarabar, na yi godiya. Hajiya Ladi ta leƙo daga zaure tana dariya, ta ce, "A gaishe mini da Talatu, ka ce ta ci da kyau." Ban kawo komai a raina ba.

GUMEL

Shinge biyu muka wuce kafin Gumel. Jami'in shingen farko ya ce, "Direba, me ka ɗauko?" Na ce buhuna. Ya leƙo, warin kifi ya doke shi, ya ja da baya ya ce in wuce. Na biyu ko tashi bai yi daga kan bencinsa ba. Balki sai murna take yi.

Ni kuwa tun da muka taso nake jin bayan motar ya fi jiya nauyi. A Gumel na tsaya kusa da wani masallaci in duba taya, na buɗe but. Buhu biyar.

Na sake ƙirgawa da yatsa. Huɗu ɗinkin basillata ne, karkatacce. Na biyar ɗinkin inji ne, fes. Na matsa shi, na ji ƙwayar shinkafa tana motsi. Sai na zauna a ƙasa.

Na kira Alhaji a waya. Ya ce, "Af, ka gani? Hajiya ce ta ga kun sayi shinkafa ba ku faɗa mana ba, ta ce ai kunya ce ku zo garinmu ku saya da kuɗinku. Ta sa aka ƙara wa Talatu ɗaya. Ta tsallake ce, mai kyau." Na ce Allah ya saka da alheri. Me zan ce? Mutum ya yi maka kyauta a ɓoye don kada ka ƙi karɓa.

Balki ta tsaya tana kallon buhun, idonta na ƙyalli.

"Kawu, ka san mun wuce shinge biyu da ta gaske? In muka kai ta har Abuja, ba wanda zai ce labarina wasan yashi ne."

"In ba mu kai ba fa?"

Na ce mata yara shida ke cin tuwo daga tayoyin nan huɗu. Ta koma gefe ta kira lauyan nasu, suka daɗe suna magana. Da ta dawo fuskarta ta canza.

"Ya ce shingayen da muka wuce ba mu sani ba, wannan daban. Daga nan gaba kuwa mun sani."

Na ce, "Shi ke nan. Mu jingine shi a jikin masallacin nan mu gudu, wani ya samu sadaka."

"A'a, Kawu. In na yar da shi a ɓoye, da wane baki zan rubuta cewa wasu ba su da gaskiya? Shinge na gaba za mu tsaya, mu faɗa da bakinmu."

"Ki kai motata hannunsu da kanki?"

"In suka riƙe ta, ba zan bar wurin ba sai da ita."

Mayar da buhun Maigatari cin fuska ne ga Hajiya Ladi, kuma shingayen nan biyu na nan a hanya. Zubar da abinci kuwa ba zan iya ba. Na tayar da mota ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci.

SHINGEN BAYAN GUMEL

Kafin a ɗaga mana hannu na sauka gefen titi na kashe mota. Wani jami'i mai ƙaton ciki ya taho, riƙe da tsinken ƙarfen da suke soka wa buhu.

"Baba, wa ya tsayar da kai?"

"Oga, ni na tsayar da kaina. Akwai shinkafar waje buhu ɗaya a motar nan, ba da sanina ta shiga ba."

Ya buɗe but ya ce, "Ɗaya? Ni biyar nake gani."

Ya soka ƙarfen a na farko, yashi ya zubo masa a kan takalmi. Ya soka na biyu, yashi. Ya dube ni, ya dubi Balki, ya kira abokan aikinsa su zo su ga mutumin da ya je har kan iyaka sayen ƙasa. Balki ta nuna katinta, ta faɗi komai tun daga Nyanya, har maganar tsaraba. Sunan masu masaukinmu kawai ta ƙi faɗa. Ya karɓi makullina ya sa a aljihu, ya ce mu jira babbansu.

Muka zauna a gindin wata bishiyar maina har rana ta raba. Ina kallon wasu motoci biyu a bayan rumfarsu, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Balki ta sayo mini gyaɗa, na kasa ci.

Babban nasu ya zo, wani siririn mutum marar hayaniya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce wa Balki, "Katin nan naki na tambaya ne da rubutu, ba ya wanke kaya. Da yarana ne suka gano buhun nan da kansu, da motar tsohon nan ta bi waɗancan." Ya sa aka sauke shinkafar. Ya ce yashin kuwa mu tafi da kayanmu, ba sa so. Ya miƙo mini makulli.

Wallahi ban san lokacin da na rungume mai ƙaton cikin nan ba. Ya ce, "Baba sake ni, kifi kake wari!" Kowa ya fashe da dariya. Balki ta ce wa babban za ta rubuta waɗanda suka bar mu muka wuce, ta rubuta su ma da suka soka ƙarfe. Ya ce ta rubuta, amma kada ta manta da takalmin yaronsa.

KOMAWA GIDA

Daga nan har Kano waƙa nake yi, ni da ban iya waƙa ba. Muka cinye cukun da gyaɗar. Muka sake kwana Kano, washegari muka kamo hanya. Duk shingen da aka tambaye ni, da ƙarfi nake cewa yashi ne, a zo a soka. A Zuba muka sha rake. Na sauke Balki a Durumi, ta ce, "Kawu, sai wata tafiyar." Na ce ta nemi wani kawun.

Gosulon Nyanya ya riƙe ni har magariba, ban ji haushi ba, a motata nake zaune. Alhamdu lillahi. Ina shiga gida Talatu ta tare ni da tsintsiya a hannu, ta share lungun da za a ajiye buhu.

"Ladi ta kira ni. Ina shinkafata?"

Na ce, "Tana wurin hukuma, suna gaishe ki."

Washegari bayan asuba na juye yashin a ramin da ke ƙofar gidanmu, wanda ya daɗe yana cin tayata. Na shiga kasuwar Nyanya na sayo wa Talatu shinkafa 'yar gida, na kira Hajiya Ladi na yi mata godiya, sannan na tayar da motata na tafi Kado ɗaukar kifi.