Totuwa a Bakin Bututu

Shekarun da Gusau ta fara zama babban birnin jiha ina jan a-kori-kura tsakanin Bungudu da Tsafe. Ƙanena kuma yana da injin niƙa a Bungudu, irin mai sanyaya kansa da ruwa: duro a gefe, tiyo biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ruwa yana zagayawa. Injuna sun yi yawa a unguwarsu, aiki ya ja baya. Sai surukinsa ya ba shi ɗaki a bakin kasuwar Kucheri, ya ce ya dawo da iyalinsa ya zauna. Ba shi da wata sana'a sai wannan inji, ni kuma aka ce in kai shi.

Da safe muka kwance shi. Muka zubar da ruwan duro, muka cire tiyo. Na ga bakin bututu biyu na jikin injin, inda tiyo ke shiga, a buɗe, na ce ƙasa za ta shiga a hanya. Na tsinci totuwar masara biyu a bayan ɗaki na toshe su, yadda muke toshe bakin jarkar mai. Ƙanena yana can yana ɗaure buhunan kayan ɗaki, bai gani ba, ban kuma ga abin faɗa a ciki ba.

Hanya ba ta da kyau bayan Tsafe. Kaya suka yi ta gogar juna, wani akwatin ƙarfe ya jingina da injin har muka isa.

Mun sauke shi bayan azahar. An riga an zuba kankare kwanaki kafin nan, sai ɗaure noti. Na zare totuwar sama na yar. Na leƙa bututun ƙasa ban ga komai a bakinsa ba, na ce a raina ta faɗi a hanya. Ban sa yatsa ba. Ƙanena ya haɗa tiyo, ya cika duro, ya duba baƙin mai.

"Yaya, mu bar shi sai gobe," in ji shi. "In tashe shi haka nan babu hatsi, in ji yadda ya zo."

Mata kuwa har sun fara jera kwanoni a bakin ƙofa, don labari ya riga mu isa. Wata tsohuwa maƙwabciyar surukan ta zauna a kan turmi.

"Kai mai inji, wanga abu na kallo ne ko na niƙa? In na kallo ne mu koma ga dutsinmu."

"Inna, baƙo ne, ki bari ya huta," in ji ƙanena.

"Baƙon da ya zo a mota? Mu da muka zo da ƙafa fa?"

Aka yi dariya. Ni ma ina son in ga ya tashi kafin in juya, in koma gida in ce na kai kuma na bar shi yana aiki. Na ce masa ya tashe shi, inji ba mutum ba ne da zai gaji da tafiya. Ba ya musu da ni a gaban mutane. Ya sa handul ya juya, injin ya kama da bugun farko.

Ya niƙa wa tsohuwar dawarta, ya niƙa kwano na biyu da na uku. Sai na ga ya tsoma hannu a duro, ya daɗe bai fitar ba.

"Yaya, ruwan nan da sanyinsa."

"To mi kake so? Ba sanyin ake nema ba?"

"A Bungudu war haka ya fara ɗumi."

Na ce ruwan rijiyar Kucheri ne, ya fi namu sanyi. Ni direba ne, abin da na sani shi ne ruwan mota ya tafasa, ban taɓa jin an yi kuka da sanyinsa ba. Ban san cewa a irin wannan inji ɗumin duro shi ke nuna ruwa yana zagayawa ba. Ya dube ni, ya karɓi kwano na gaba.

Ba a daɗe ba ƙarar ta canza. Wani wari ya taso kamar an bar tukunya a wuta babu ruwa, fentin kan injin ya fara tashi. Kafin ya kai hannu ya kashe, injin ya yi wata ƙara ya tsaya da kansa. Mata suka kwashe kwanoninsu ɗaya bayan ɗaya. Surukin yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya tafi.

Washegari na kai injin Gusau wurin bakanike. Ya ce kan injin ya tsage. Da ya kwance bututun ƙasa sai ya zaƙulo totuwa da waya, ta sha ruwa ta kumbura ta cika ramin dam. Akwatin nan ne ya tura ta ciki.

"Wane ne ya yi wannan aiki?" in ji bakaniken.

Na ce ni ne. Ƙanena ya karɓe ta ya juya ta a hannu, ya ce, "Ai don kada ƙasa ta shiga ka sa, Yaya." Bai ƙara ba, a ranar ko bayanta.

An yi wa kan walda, ya riƙe makonni ya sake buɗewa. An sake yi, bai riƙe ba. Na yi ta cigiyar wani kan a duk inda mota ta kai ni, ban samu irinsa ba. Kafin kaka wani ya kafa inji a ɗaya gefen kasuwar, surukin kuma ya ba wani tela ɗakin. Ƙanena ya kwashe iyalinsa ya koma Nahuce, gonar mahaifinmu. Ni na kai su, da injin a bayan mota, an lulluɓe shi da buhu. A can ya yi noma har ƙarfinsa ya ƙare.