Tumakin Inna da idona na hagu

Salamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka aiko saƙo ban amsa ba, ku yi haƙuri, rubutun ne ba na gani. Yanzu ma da ido ɗaya nake duba waya, ina yi ina hutawa.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamar lakol ce, wato makarantar boko, a Gazawa, amma 'yar ruga ce. Iyayena makiyaya ne a gefen Gangara. Da hutun damina na tafi gida wurin Inna.

Na tarar tumaki na ta ɓari. Kusan kowace safiya sai an samu wadda ta zubar. Ni da Inna muke kwashe 'ya'yan da mahaifar da hannunmu, mu kai bayan garke mu yar. Nono kuwa ɗanye muke sha, yadda muka tashi muna sha.

Ban daɗe da komawa Gazawa ba zazzaɓi ya kwantar da ni. Kai na sarawa, gaɓoɓi kamar an daka ni a turmi. Majo, malamin asibitin garinmu, ya yi mini gwajin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, bai ga komai ba, ya dai ba ni magani. Ranar da na kurkure baki na ga jini, maigidana ya ɗauki shatar mota muka tafi Maraɗi.

Ƙarin ruwa, ƙarin jini, ɗibar jini. Har jijiya ta ɓace, sai a ƙafa suke samu. Kowace safiya sabuwar takardar magani, har babur ɗin maigidana ya tafi a ciki. A waje motocin 'yan siyasa na wucewa da kiɗan zaɓe, ni ko juyawa ba na iyawa.

Da sakamako ya dawo daga Yamai, likita ya ce zazzaɓin Rift ne. Ya ce ciwon dabbobi ne, sauro ke yaɗa shi a garke, mutum kuma ya ɗauka wurin taɓa jini ko ɓari, ko shan ɗanyen nono. Na tambaye shi ko zan tashi. Ya ce, “Madam, ba shi da magani nasa na kansa. Za mu riƙe jikinki har ya yi ƙarfi.”

Washegari wata likita ta zo tare da likitan dabbobi. Ta zauna a bakin gado tana tambaya. Ina kika je? Me kika taɓa? Wa kuma ya taɓa?

Na san abin da amsar za ta jawo wa gidanmu. Na kau da kai, sai ta ce, “Ko mu dawo gobe?”

Na ce a'a. Na kwatanta musu rugar, har da itacen gawon da ake karya kwana.

Suka je. Suka ɗebi jinin dabbobi da na mutane, suka binne ɓari, suka yi feshi. Aka ce kada dabbarmu ko ɗaya ta shiga kasuwa, kada a sayar da nono. Kafin su koma, labari ya bazu. Matan rugage makwabta ma suka riƙa dawowa daga kasuwar Gangara da ƙoransu cike da nono, ba mai saye.

Yayana, Hamma Juli, ya kira maigidana a waya. Ina jin muryarsa daga kwance. “Ka gaya mata ta kyauta. Mun kai ta lakol, ta kawo mana hukuma gida.”

Amma a wannan zuwan suka tarar da Inna kwance a bukka. Ta jima tana zazzaɓi, ta hana a faɗa. Suka ɗauko ta, tare da yaran Hamma biyu da jikinsu ya fara zafi.

Lokacin idona ya riga ya fara hazo. Aka tura ni a keke zuwa ɗakin da take. Ban ga fuskarta ba, inuwa kawai nake gani a kan gado. Na laluba na kama hannunta.

Ta ce, “Ke ce kika faɗa musu?”

Na ce, “Ni ce, Inna.”

Ta ce, “To, ai sun kawo ni kusa da ke.” Sai ta tambaya ko ina cin abinci.

Inna ba ta fita daga asibitin ba. Allah ya jiƙanta. Yaran sun warke, suna gida.

Ni an sallame ni bayan makonni. Idon dama ya washe, na hagu akwai baƙin tabo a tsakiya. Likitan ido ya ce wataƙila ya ragu, wataƙila haka zan zauna. Ban koma aji ba tukuna. Shara ma sai na zauna na huta kafin in gama.

An buɗe wa garken hanyar kasuwa yanzu. Hamma ya zo duba ni sau ɗaya. Bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ya zauna a tabarma muka yi ta lissafa tumakin da suka rage. Da zai tafi ya ce, “Yaran na gaishe ki.”

Na gode wa Allah. Na gode wa maigidana, da abokan aikina da suka ba da jini, da ma'aikatan da suka yi haƙuri da ni ranakun da ba na ko amsa gaisuwa.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. In dabbobi suka fara ɓari barkatai, ku sanar da likitan dabbobi. Kada ku kwashe da hannu tsirara, ko leda ce ku sa. Ku tafasa nono. Kada ku yanka dabbar da ba ta da lafiya. Zazzaɓin da gwaji ya ce ba palu ba ne, ku faɗa wa likita abin da kuka taɓa, ko bai tambaya ba.

Ku kuma leƙa tsofaffinku da kanku. Ba sa faɗa.

Idon ya gaji, zan tsaya nan. Ku sa Inna a addu'a, sunanta Hauwa'u.