Ɗanbaba na Rijiyar Marke

Yayana Ɗanbaba a Sabo, unguwar Hausawa ta Badun, aka haife shi, a Sabo ya yi wayo, a Sabo ya yi furfura. Babanmu ma nan aka haife shi. Uwarmu kuwa, Iya Sakinatu, Bayarabiya ce 'yar asalin Badun, danginta suna nan cike da gari. Amma ka tare Yaya a hanya ka tambaye shi ko shi mutumin ina ne, sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Mu mutanen Rijiyar Marke ne." Wani ƙauye ne can arewa, wanda kakanmu Malam Abbas ya baro yana saurayi, ya biyo shanu zuwa kurmi, bai sake komawa ba. Har bara Yaya bai taɓa taka garin ba. Tun muna yara nake tsokanarsa in ce to ya kwatanta mini hanya, shi kuma ya ce, "Safiya, bakinki zai ja miki wata rana."

Sana'arsa dillancin albasa a kasuwar Bodija. Fatake su kawo kaya daga arewa ba su jin Yarbanci, matan da ke sari ba su jin Hausa, shi ne a tsakiya. In ya juya nan Bahaushe ne, in ya juya can ɗan Iya Sakinatu ne, kuma kowane ɓangare ya yarda nasa ne muddin cinikin yana masa daɗi. Ranar da ciniki ya ɓaci, fataken su ce ai ɗan kurmi ne, matan su ce ai Mala ne, wato Bahaushe. Shi dariya kawai yake yi. Yana da ɗakuna biyu a ƙofar gida inda yake saukar baƙinsa, kamar yadda babanmu ya yi. Tun da mijina ya rasu na dawo gida, ni nake tuƙa tuwon baƙin nan, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Shekara ashirin da shida ke nan da Muhammad Sani ya fara sauka a gidanmu. Magidanci ne a lokacin, sabon aure, ya rako albasar wani a saman babbar mota, aka sauke shi a tashar Ojoo bai san gabas ba bai san yamma ba. Wani ya kawo shi wajen Yaya. Da aka tambaye shi garinsu ya ce Rijiyar Marke, wallahi sai da idon Yaya ya kawo ruwa. Ya riƙe hannunsa ya shigo da shi har cikin gida, abin da ba a yi wa baƙo, yana kiran Iya ta fito ta ga ɗan garinmu.

Muhammad Sani ya iya magana, wannan ba zan hana shi ba. Shi ya ce mana kangon gidan Malam Abbas yana nan bayan gidansu, da wata tsohuwar tsamiya a tsakiyarsa. Duk shekara in zai zo sai ya ƙullo tsamiya a leda ya miƙa wa Yaya, ya ce ta bishiyar kakanku ce. Ni in dama kunu da ita, Yaya ya zauna yana kurɓa a hankali kamar zamzam, ba ya son a yi masa magana sai ya shanye. Sauran baƙi daga kwanon baƙi suke ci. Muhammad Sani kuwa kwano ɗaya suke sa hannu da Yaya. Yaya ne ya koya masa irin matar da za a sayar wa a Bodija da wadda za a guje mata, shi ya tsaya masa har ya fara kawo kayan kansa.

Akwai shekarar da aka yi wata hatsaniya a kasuwa, faɗan lebura da mai kaya ya koma na Hausawa da Yarabawa, kowa ya gudu ya bar rumfarsa. Hanyar Sabo ta toshe. Yaya ya ja Muhammad Sani ta lungu ya kai shi gidan kawunmu, wan Iya, cikin tsakiyar Yarabawa. Kawu ya sa masa hularsa, ya ce wa maƙwabta baƙon ɗan ƙanwarsa ne, duk mai magana ya zo ya yi da shi. Kwana tara ya yi a gidan yana cin amala. Ranar da ya dawo Sabo, a gabana ya dafa ƙirji ya ce, "Yaya, in na manta wannan, Allah ya tambaye ni."

A shekara ɗaya aka haifa musu 'ya'ya mata. Ta Yaya ita ce Khaulat, ta Muhammad Sani Sadiya. Yaya ne ya matsa masa lamba ya sa Sadiya boko, ya ce zamani ya wuce na ajiye mace ba ilimi. Da Khaulat ta shiga makarantar koyon aikin jinya a nan Badun, Muhammad Sani ya ce tasa ma abin da za ta yi ke nan, ta yi a babban birnin jiharsu. Mun yi murna, muka ce gida ya yi nas biyu.

Khaulat yarinya ce mai kai. Ba don 'yar ɗan'uwana ba ce, malamanta ma sun faɗa. Bara gwamnatin tarayya ta ce za ta ɗauki ma'aikatan jinya, amma an raba guraben jiha jiha, kowace jiha kuma ta raba wa ƙananan hukumominta. Duk mai nema sai ya haɗa da takardar indijin, wato shaidar cewa shi ɗan asalin wuri kaza ne. Khaulat ta ɗauki takardunta ta tafi ofishin ƙaramar hukuma a nan gari. Matar da ke wurin suka yi ta hira da Yarbanci, har tana kiranta 'yata, sai da ta duba fom ta ga suna. Ta ture takardar ta ce ta je garinsu. Khaulat ta ce nan ne garinsu, nan aka haifi ubanta da kakanta, kakarta ma 'yar gidan wane ce a unguwa kaza. Matar ta ce asali ta wajen uba ake bi.

Ta dawo tana huci. "Gwaggo, kin ji wahala? Wai in je garinmu. Wane gari, abi unguwar Mokola?"

Ni raina ya ɓaci. Yaya kuwa, in gaya muku gaskiya, daɗi ya ji. Ya ce, "Ai ba ƙarya suka yi ba. Mu masu gari ne." Nan take ya buga wa Muhammad Sani waya, shi kuma ya ce mu taho, gida namu ne, dagaci ma abokin wasansa ne.

Mu uku muka hau mota a Ojoo. Yaya ya ɗinka sabuwar shadda, ya sayi goro fari ƙal na kai wa dagaci. Tafiyar kwana da yini, bai runtsa ba, yana ta nuna wa Khaulat gonaki ta taga kamar nasa ne. An karɓe mu da mutunci, an yanka kaji. Muna zaune a tsakar gida da mata, matar Muhammad Sani ta tambayi Khaulat takardar ta mece ce. Khaulat ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta faɗa, har ta zaro sakamakon jarrabawarta tana nuna wa Sadiya. Sadiya ta ce ita ma ta cika fom ɗin, kuma an ce musu gurbi ɗaya ne tak aka ba ƙaramar hukumarsu. Ita yarinyar da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma na ga yadda uwar ta kalli takardar Khaulat, na ga ta tashi ta shige wajen mijinta ta daɗe. Tun a nan na sha jinin jikina.

Washegari da hantsi muka je ƙofar dagaci. Ni da Khaulat aka shimfiɗa mana tabarma a bakin zaure, muna jin komai. Yaya ya shiga, maimakon ya durƙusa ya dunƙule hannu sai ya zube rub da ciki irin gaisuwar da muka tashi muka ga ana yi wa manya a Badun. Na ji dattawan suna gyaran murya suna danne dariya. Dagaci mutum ne mai natsuwa. Ya saurare shi har ƙarshe, ya ce waɗanda suka san Malam Abbas duk sun riga mu gidan gaskiya, amma in ɗan gari ɗaya ya tsaya ya ce ya san asalin gidan nan, zai sa hannu a tura wa hakimi. Yaya ya juya yana murmushi ya ce ga ƙanensa Muhammad Sani nan.

Muhammad Sani ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, Ɗanbaba mutumin kirki ne, maigidana ne a Badun, na ci abincinsa. Amma shaida abu ne mai nauyi. Ni a can na san shi. Ban san kowa nasa a garin nan ba."

Yaya ya ce, "Sani, kangon fa? Tsamiyar fa?"

Ya ce, "Kango kam ana cewa na wani ne da ya tafi kurmi, ban san sunansa ba. Tsamiya kuwa a kasuwa nake sayowa, Yaya, don na ga kana so." Bai tsaya nan ba. Ya ƙara da cewa, "Mahaifiyarsu ma Bayarabiya ce, ranka ya daɗe. A gidan kawunsu na taɓa zama, da idona na gani."

Wannan ita ce ta fi ƙona mini rai, har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa. Gidan da aka ɓoye shi, hular da aka sa masa, su ya ɗauko ya kafa hujja da su. Na yunƙura zan shiga, Khaulat ta danne mini gwiwa. Ko dai shekara ashirin da shida yana yi mana ƙarya, ko kuma a ranar ya fara. Ban san wacce ba, kuma duk wadda na zaɓa cin amana ce.

Dagaci ya ce ba zai iya sa hannu ba shaida ba, ya yi mana fatan alheri. Yaya ya bar masa goron. Ko kayanmu ba mu koma mun ɗauka da kanmu ba, aiko mana da su aka yi tasha. Daga can har Ojoo, in ban da salla ba abin da ke tashin Yaya daga kujera. Ranar rufe karɓar takardu ta zo ta wuce. Khaulat ta samu aiki a wani kemis a Mokola tana miƙa wa mutane maganin ciwon kai.

Na ɗauka an gama ke nan. Bayan wata huɗu, muna zaune da la'asar, wayar Yaya ta yi ƙara. Muhammad Sani ne. Ya yi gaisuwa kamar jiya aka rabu, ya ce Allah ya yi, Sadiya ta samu aikin, kuma wani asibitin tarayya aka turo ta a nan Badun. Ba ta san kowa ba, ba ta jin yaren gari, shi kuma ba shi da wanda zai ba amanarta a duk faɗin kurmi sai Yaya.

Na ce, "Yaya, kashe wayar nan. Wallahi in ka amsa masa ba ka da zuciya."

Ya kashe, sannan ya ce, "Yarinyar me ta yi mana? 'Yar Musulmi ce, mace, ita kaɗai. In na bar ta tana yawon neman ɗaki, da wane ido zan dubi mutanen rumfar albasa? Me za a ce a Sabo?"

Na ce, "A ce abin da za a ce. Taka 'yar fa?"

Ya ce, "Safiya, ko me ubanta ya yi, 'yar garinmu ce."

Khaulat tana bakin ƙofa da jakarta, dawowarta ke nan daga kemis. Ta ji. Ɗakunan ƙofar gida na maza ne, ba inda za a sa budurwa sai ɗakinta, kuma haka Yaya ya ce mata, bai iya kallon fuskarta ba. Ba ta yi musu ba. Ta shiga ta kwashe littattafanta daga rabin durowa, ta shimfiɗa sabon zanin gado.

Sadiya tana gidanmu yanzu wata na biyar. Yarinya ce mai kunya, tana taya ni wanke-wanke, ban iya tsanarta ba ko da na so. Kullum da safe takan goge farar rigar aikinta a ɗakin da suke kwana, Khaulat tana gani. Suna hira da Hausa, da ni ma Hausa take yi. Amma tun daga ranar wayar nan Khaulat ba ta sake yi wa ubanta Hausa ba. Ba ta yi masa rashin kunya, tana durƙusawa har ƙasa, tana kai masa shayi, sai dai komai da Yarbanci. Shi ya amsa da Hausa, ita ta mayar da Yarbanci.

Shekaranjiya da ta kawo masa shayi ya kasa daurewa. Ya riƙo gefen hijabinta ya ce, "Khaulat, uwata, ba za ki ƙara yi mini magana da harshenmu ba?"

Ta ba shi amsa da Yarbanci, a hankali, cikin ladabi. Ta ce tana jin tsoro, don ba ta da wanda zai tsaya ya shaida cewa nata ne. Ta zare hijabinta daga hannunsa, ta ɗauki jaka ta fita neman keke napep. Yaya ya zauna da kofin a gabansa har shayin ya huce, ni na zo na ɗauke.