Mai Zama Wajen Kan Majinyaci

Shekara ashirin da shida mai allurar barci ya yi yana zama wajen kan majinyata a ɗakin tiyata. Mutum ne marar surutu, har ma'aikata na masa tsiya wai a gida ma sai matarsa ta taɓa shi take sanin yana nan. Shi da likitan fiɗa tare suka fara aiki, kwano ɗaya suke ci, 'ya'yan likitan Kawu suke ce masa.

Aikin da ya fi tsoro shi ne na buɗe jijiyar wuya da ta toshe. Yakan ce ƙwaƙwalwar da ta daɗe da ƙishin jini, in aka sakar mata shi gaba ɗaya, sai ya yi mata yawa. Shi ya sa ba ya tada mutum da gaggawa. Yakan rage maganin kaɗan-kaɗan, idonsa na kan na'ura, sai ya ga jinin ya sauka ya zauna.

Wata Talata da hantsi aka yi wa wata mata tela wannan aikin. An gama ɗinki, amma jininta na ta hawa. Mai allurar ya roƙi a ba shi rabin awa. Likitan ya ce mutum uku na jiran gadon.

"Mutumina, tsufa ne ya fara sa maka tsoro? Tashe ta. In wani abu ya faru, a wuyana."

Ya tashe ta. Kafin la'asar ta fara kukan ciwon kai, sai jijjiga. Ta rayu, amma hannunta na dama ya mutu.

Ran da kwamitin asibiti ya zauna kan maganar, mai allurar bai shirya komai ba, don ya san abokinsa zai faɗi yadda aka yi. Likitan ya gyara zaman tabarau, ya ce fiɗa ta yi kyau, jijiya ta buɗe, abin da ya biyo baya kuwa ɓangaren barci ne. Har ya gama magana bai ɗago kai ba.

Aka tambayi mai allurar ko akwai inda ya rubuta cewa ya nemi jinkiri. Babu. Tsakaninsu ba a taɓa rubuta irin wannan ba.

"Ni na tashe ta," ya ce.

Aka mayar da shi ɗakin ajiyar magani. Yana kwashe kayansa daga kabad likitan ya tsaya bakin ƙofa, ya ce ai ya san halin kwamiti, dole wani ya ɗauka, shi kuma dama ya kusa ritaya.

Tsohon ya rungumi kwalinsa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni hanya."