Kwamfutar da Fatu Mai Masa Ta Kai Wanki

Duk mai bi ta Ƙofar Ran da safe ya san Fatu mai masa, in bai san sunanta ba ya san ƙamshin tandarta. Doguwa ce siririya, magana ba ta dame ta ba. 'Yar makiyaya ce, a ruga aka haife ta can bayan Gubi. Da shanu suka ƙare, ciwo ya ci wasu aka sayar da sauran, sai mijinta Jalo ya kawo ta cikin gari. A nan ta koyi suyar masa wurin matan unguwa har ta fi su hannu. Jalo ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, Fakhruddeen ɗan fari da ƙanwarsa Hafiza.

To, kun san Fulani da kunyar ɗan fari, Fatu kuwa tata har ta yi yawa. Tunda ta haifi yaron nan bakinta bai taɓa furta sunansa ba. In za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Shi ma bai tashi yana ce mata Inna ba, Adda yake ce mata kamar yayarsa ce. Kuma Allah ya yi shi da tsokana! Yakan tsuguna gefen murhu ya ce, "Adda, don Allah faɗi sunana sau ɗaya in ji ko kin iya." Sai ta ɗaga cokalin juya masa ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, marar kunya."

Da ya shiga jami'a a Gubi ya samu kwamfutar hannu, wadda yara ke ce wa laftof, da wata 'yar na'urar waifai mai kamar sabulun wanka. Ba shi da aiki in ya zo hutu sai ɗaukar uwar bidiyo da waya tana suya, tana kare fuska da mayafi, shi yana surutu yana dariya. Bidiyon nan duk yakan tura su wani ma'ajinsa na intanet don kada su cika masa waya. Har ya zaunar da ita ya koya mata: a ɗaga murfi, a danna nan, kwamfutar da kanta za ta kama waifai, sai a taɓa wannan hoton. Ta ce ita ina ta ga lokacin wannan shiririta.

A shekararsa ta ƙarshe motar kaya ta bi ta kan keken da ya ɗauko shi daga makaranta. Wayarsa ma ba a tsinci abin kirki a cikinta ba. Aka yi zaman makoki, ba wanda ya ga hawayen Fatu. Mata suna ta yaba dauriyarta, suna cewa haka ake son uwar ɗan fari. Ni kam wallahi ban ga abin yabo ba, baƙin ciki ne kawai aka hana shi hanyar fita.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, kullum in masa ta ƙare da hantsi, ta wanke tanda ta kife, sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa ta ɗaga murfin kwamfutar nan. Ita kuwa ba ta taɓa ba ta kunya ba, nan da nan take kama waifai da kanta, shafin ya buɗe, sai ga yaron yana cewa, "Adda, kalli nan mana." Wannan shi ne kaɗai wurin da Fatu ke kallon fuskar ɗanta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba yana raye. Hafiza, da ke aure a Ƙofar Wambai, ita ke sa mata data daga wayarta, a zatonta karatun malamai tsohuwar ke saurare.

Rannan ta buɗe, sai ta ga fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, wani zobe yana ta juyawa. Kwamfutar ta mutu da kanta, ta tashi da kanta. Da ta dawo komai yana nan inda yake, sai dai alamar waifai da ke can ƙasa a kusurwa ta canza kama. Fatu ta taɓa hoton da ta saba taɓawa, shafin ya fito fari fat, ba kowa.

Ba abin da ba ta yi ba. Ta kashe 'yar na'urar ta kunna. Ta ɗora ta a taga, don ta taɓa jin yaron yana cewa sabis ya fi ƙarfi a can. Ta goge kwamfutar da gefen zani, ta tofa mata addu'a. Shiru. Wa za ta gaya wa? Hafiza tana jego, kuma ko ba ta jego, da wane baki uwa za ta ce wa 'yarta ga abin da take kallo a ɗaki? Haka ta yi ta haɗiye abin har makonni suka shige, masarta ta fara ƙonewa a tanda tana zaune tana kallo.

Da abin ya ci tura, sai ta naɗe kwamfutar da na'urar a cikin ɗankwali ta hau keke zuwa shagon wani mai gyara, Irmiya, da take wucewa ta gabansa in za ta sayen shinkafa. Shagon cike yake da samari 'yan makaranta, sa'o'in ɗanta. Suka tashi suka ba ta benci.

Irmiya mutumin kirki ne, a faɗi gaskiya. Ya duba ya ce, "Mama, ofdet ya yi. Wato ya sabunta kansa ne, shi ya sa ya daina kama waifai da kansa. Ƙaramin abu ne." Ya sa kwamfutar ta manta na'urar, ya sake haɗa su da lambobin da ke bayan murfinta, ya danna wurin da ke cewa ta riƙa kamawa da kanta. Ta ƙi. Ya cire abin da ke tuƙa waifai ɗin ya sa wani, ta kama kamar ƙiftawar ido ta saki. Ya nemi mayar da ita yadda take kafin sabuntawar, sai ya girgiza kai ya ce, "Kash! Da kin kawo da wuri. Lokacin komawa baya ya wuce. Yanzu sai dai a wanke shi."

Fatu ta ji "wanke" sai hankalinta ya kwanta. Ai dama ta sani, hayaƙin murhu da maiƙo ba abin da suka bari a gidan nan. Ita da ke wanke tanda kullum, me ta sani game da wankin masu kwamfuta, wanda ke share duk abin da ke ciki ya bar ta kamar ranar da aka ƙera ta? Ta ce, "A wanke mana, ɗana. Ta yi datti."

Ya ce, "Na wane ne, Mama?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta wani yaro ce a gidanmu."

"Akwai abin da kike so a ciki? Hoto ko takardu? In cire miki tukuna."

Kai jama'a! Nan ne fa. Kalma ɗaya ce ta rage. Samarin nan duk suna jiran amsarta. Amma a ce ita, a gaban 'ya'yan mutane, ta buɗe baki ta ce ɗanta na fari ne take kallo kullum tana kuka? Ta gyara mayafi ta ce, "Ba wani abu."

Duk da haka Irmiya ya leƙa, ya ga takardun makaranta ne kawai, ya kwashe mata su. Ba abin da ya nuna masa cewa akwai wata ƙofa da yaron ya bari a buɗe, wadda mabuɗinta ya tafi da shi kabari. Ya wanke.

Bayan azahar ya miƙo mata yana murmushi. Yana ɗaga murfi ta kama waifai da kanta, garau. Fatu ta sa yatsa tana neman hoton nan da ta saba taɓawa, ba ta gan shi ba. Da ƙyar ta kwatanta masa, ya buɗe shafin, shafin ya nemi adireshi da kalmar sirri.

Ya ce, "Sai mai shi ya sa da kansa. Ko a tura lamba zuwa layin wayarsa. Ina yaron yake?"

Ta ce, "Ya rasu."

Irmiya ya dafe kai da hannu biyu ya ce, "Wayyo Mama, me ya sa ba ki faɗa ba?" Ya zauna ya gwada duk dabarar da ya sani har la'asar ta yi, ba ta ɓulle ba. Layin ma tuni ya mutu. Ita ce ma ta koma ba shi haƙuri, ta ce ba laifinsa ba ne, ta naɗe kayanta a ɗankwali ta fita.

Har yau Fatu tana suya a Ƙofar Ran, sai dai masu saye suna cewa hannunta ya canza. Kuma har yau in ta kife tanda takan shiga ɗaki ta ja ƙofa ta ɗaga murfin. Kwamfutar ba ta sake yi mata gardama ba ko sau ɗaya, tana buɗewa take kamawa. Wata rana Hafiza ta zo da jaririnta, ta iso bakin ƙofa za ta yi sallama, sai ta ji muryar uwarta a ciki, ƙasa-ƙasa, tana harhaɗa sunan kamar mai koyon magana.

"Fakhruddeen. Ka ji, na iya. Fakhruddeen."

Hafiza ta tsaya a nan da goyo a bayanta, ba ta shiga ba.