Ɗakin da Aka Sauya wa Ƙofa

Dada, kakarmu ta wajen uba, ba ta fara tatsuniya sai an sauke tuwo, wuta ta koma garwashi. Lokacin muna unguwar Federal Low-Cost, a gidan da aka ba babanmu saboda aiki. Gida har da kicin da risho, amma Dada ta ƙi, ta jera duwatsu uku a bayan gida, can take wuni. Da an idar da magariba sai mu kewaye ta. Ta ƙwanƙwasa bayan ƙwarya ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai tarbe ta?" Mu ce mu ne.

Akwai guda da take maimaitawa har mu gaji. Wai wata tsohuwa ce makauniya, amma ba ta buƙatar ɗan jagora. Hannunta ya san randa, ƙafarta ta san hanyar rumbu da ta garke. Ɗanta ya je birni ya samu, ya dawo ya tarar ta tafi biki. Don ya faranta mata, ya rushe bukkarta, ya gina ɗaki mai rufin kwano, ya mai da ƙofa gabas, ya jera kayanta inda yake ganin ya fi kyau.

"Ta dawo ta nufi ƙofa, sai ta yi karo da bango," in ji Dada. "Ta laluba randa, ta taɓa wuta. Daga ranar ta zauna a tsakiyar ɗaki, ko ruwa sai an miƙo mata. Kowa ya shigo sai ya ce Allah ya yi wa ɗan nan albarka. Ita ma ta ce amin. To me za ta ce?"

Mu dai karon bangon ne ke ba mu dariya.

Yau ni ce mai buga takardu a wata sakandare a unguwar Nasarawo, har na yi furfura a kan aikin. Ran Litinin na kunna kwamfutar ofis, na tarar ta sabunta kanta. Maɓallin da nake farawa da shi ya tashi daga kusurwa ya koma tsakiya. Wurin fayilolina ya sauya kama, firinta kuwa ko hanyarta ban gani ba. Matasan malamai sai yabawa suke, wai ta yi tsaf. Ni kam haushi ya ishe ni, ga tsoro. Hannun da ke aiki ko ban duba ba, yanzu lalube yake yi.

Mai gyara ya zo, na roƙe shi ya mai da mini ita yadda take a da. Ya ce, "Hajiya, ba ta komawa. Sai dai ki saba." Shugaban makaranta kuma ya riga ya ce jarrabawa ta matso, in abin ya fi ƙarfina zai nemo wani.

Ina zaune hannu a cinya, sai duwatsun nan uku suka faɗo mini a rai. Babanmu ne ya ɗauko Dada daga ruga don ta huta, dangi kaf suna sa masa albarka. Ashe labarin kanta take ba mu, mu muna dariya.

Shugaba ya leƙo ya ce, "Hajiya, sabon tsarin ya yi kyau ko?"

Na ce, "Ya yi kyau, ranka ya daɗe." To me zan ce?